Safar Hannu a Kan Ciyawa

Shekara goma sha ɗaya Orest Pawluk ya yi yana buga wa garin Fort Alder ƙwallon zari-ruga, bai taɓa taka filin wasan ƙarshe na Kofin Ƙasa ba. Sau uku suna kaiwa bakin ƙofa ana koro su. A kakar 1952 suka sake kaiwa, saura wasa ɗaya tak, ranar Asabar, da mutanen Red Willow. Wanda ya ci, shi zai hau jirgin ƙasa zuwa gabas ya buga wasan kofi. Shekarun Orest talatin da biyar, gwiwarsa ta hagu kuwa likita ya riga ya yanke mata hukunci: ta ƙarasa wannan kaka, daga nan aikinta ta kai shi coci ta dawo da shi.

Matsalar ita ce Orest ba mai sana'a ɗaya ba ne. Da kaka yana kan ciyawa, da hunturu yana kan ƙanƙara da gora a hannu, kuma ƙungiyoyin garin biyu duk ya sa musu hannu a takarda. A watan Nuwamba wasannin sukan hau kan juna. Su kuma masu tsara ranakun wasa, waɗanda ban ga alamar sun taɓa yin gudu ko don ruwan sama ba, suka sa ƙwallon gora ranar Juma'a da yamma, zari-ruga washegari da rana. Duka biyun da Red Willow.

In kuwa aka ce Red Willow, to Lorne Fiddick ake nufi. Shi ma sana'a biyun yake yi, kuma a duk yammacin ƙasar nan su biyu kaɗai suka rage masu wannan taurin kai. Sai ka ɗauka hakan zai sa su ga mutuncin juna. Ina! Shekara tara da suka wuce Orest ya zubar wa Lorne haƙoran gaba huɗu a kan ƙanƙara. Da kaka ta zagayo Lorne ya karya masa ƙashin kafaɗa a kan ciyawa, yana danne da shi yana tambayarsa ko uwarsa ta iya ɗori da tafarnuwa. Tun daga ranar bai ƙara kiransa da sunansa ba, sai Ɗan Tafarnuwa, don iyayen Orest daga Yukren suka zo, mutanen da ake yi wa gorin cin tafarnuwa. Shi kuma Orest Wawulo yake ce masa. Sau takwas suke haɗuwa a shekara, da wuya a tashi ba a ga jini ba.

Ranar Juma'a da hantsi McAvoy, kocin zari-ruga, ya tare shi a ɗakin sa kaya.

"Pawluk, miƙo hannuwanka."

Orest ya miƙa. McAvoy ya jujjuya su kamar mai taya dankali.

"Yatsu goma na gani. Gobe ƙarfe ɗaya goma nake son in ƙirga, babu kumburarre, babu karyayye. Ka je ka yi musu zamiyarku tunda ka sa hannu. Amma in ka cire safar hannu yau, kada in ga ƙeyarka a filina gobe."

"In Fiddick ya nema fa?"

"Ko ubansa ne ya nema."

"Koci, ba ka san ƙanƙara ba."

"Na dai san kofi. Sau biyu na ɗaga shi. Kai fa? Ka taɓa ganinsa in ba a jarida ba?"

Orest ya janye hannuwansa ya fita.

McAvoy mutumin kudu ne, daga tsallaken iyaka ya zo, bai san abin da ya roƙa ba. A kan ƙanƙara faɗa yana da ladabinsa. Mai nema zai tsaya a gabanka, ya yar da gora, ya karkaɗe safar hannunsa su faɗi. Kai ma ka yar da naka. Alƙalan wasa su ja da baya su ba ku fili, ku daku har ɗaya ya kai ƙasa. Sai a kai ku akurkin hukunci, kowa ya zauna minti biyar, ku fito a ci gaba da wasa kamar ba a yi ba. Wanda aka nema ya ƙi kuwa, gara ya tattara iyalinsa ya bar garin. Orest tun yana ɗan shekara goma sha huɗu bai taɓa ƙi ba.

Da yamma a kan ƙanƙara, ana tsakiyar zango na biyu Lorne ya taho da zamiya ya ci burki a gabansa, ya watsa masa garin ƙanƙara har gwiwa. Gora ta faɗi. Safar hannu suka bi ta.

"Ɗan Tafarnuwa, zo mu gaisa. An kwana biyu."

Mutum dubu huɗu suka miƙe tsaye lokaci guda. Alƙalai suka ja baya. Orest ya ji yatsunsa suna motsi da kansu a cikin safar, ya damƙe gora har kafaɗarsa ta yi tsami. Ya dubi bakin nan mai giɓi yana masa murmushi. Sannan ya juya baya, ya zame ya koma wajen benci.

Da farko wurin ya yi tsit, don ba wanda ya gane abin da ya gani. Sai wani daga can sama ya yi kukan kaza, gorin da ake yi wa matsoraci. Kafin ka ce me, ɗakin wasan gaba ɗaya ya ɗauka. Kuma kada ku ce baƙi ne, baƙin ba su kai ɗari ba. Mu ne, mutanen Fort Alder, waɗanda ya yi shekara da shekaru yana zubar da jini dominmu. Wani ya cire wa matarsa hula ya jefo masa, ta faɗo a gabansa da furenta. Lorne ya tsinci kayansa a hankali, ya zagaya fili sau ɗaya yana ɗaga wa jama'a hannu.

Da safe jarida ta riga shayi isowa. Halyna, matarsa, ta so ta ɓoye ta a ƙarƙashin kwandon burodi, amma ya riga ya hango hoton: bayansa, da lambarsa, da Lorne tsaye hannu tsirara.

"Ci abincinka," in ji ta. "Mai jarida ba da gwiwarsa zai yi gudu yau ba."

"Kin ji su jiya?"

"Na ji su. Ina cikinsu a zaune, kunnena ba a gida na bar shi ba. Su ɗin nan ne za su ɗauke ka a kafaɗa da yamma in kun ci. Kai ba ka san mutanen garinku ba?"

"Ban taɓa juya wa namiji baya ba, Halyna."

"To ka juya, kuma ba ka mutu ba. Yau ɗaya ta rage, Orest. Shekara goma sha ɗaya ina wanke maka taɓo da jini. Ina so in ga abin da na yi wa wankin."

Ya tura faranti gaba, ya ɗauki kwat ɗinsa. A hanya mai kai madara, wanda kullum sai ya tsayar da dokinsa sun taɓa hira, ya sunkuyar da kai yana gyara linzamin da ba abin da ya same shi. A ƙofar shagon aski mutum uku suka yi shiru har ya wuce, sannan ya ji dariya a bayansa. Ransa ya yi baƙi ƙirin. Da zaginsa suka yi a fuska da ya fi masa sauƙi.

A ɗakin sa kaya McAvoy ya ƙirga yatsu goma, ya daki kafaɗarsa.

"Ka ga namiji. Yau kai za ka tsare min Fiddick. Kada ya taɓa mai ƙwallo ko da numfashi."

Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, an share fili amma ciyawar ta zama taɓo mai sanyi. Kowa ya sa safar hannu, har waɗanda suke alfahari ba sa sawa. Aikin Orest a zari-ruga ba mai kyan gani ba ne. Ya durƙusa a layin gaba, hancinsa kusa da hancin wanda ke gabansa, in an saki ƙwallo ya ture shi, ya buɗe wa mai gudu hanya. Wanda ke gabansa yau Lorne ne, sau sittin ko fiye, kuma kowace durƙusawa da abin da zai faɗa.

"Ka kawo min ƙwai? Na ji an ce jiya ka fara saka."

Aka saki ƙwallo, suka gwabza. Orest ya kai shi ƙasa.

"Hular nan ta jiya ta yi maka kyau, na rantse. Ka kai wa Halyna ko kai za ka riƙa sawa?"

"Rufe ramin nan, Wawulo, iska tana shiga."

"A'a, ashe tana magana! Ku zo ku ji, kazar Fort Alder tana magana!"

Suka sake gwabzawa. Gwiwar tana masa zugi kamar ana soka mata ƙusa, amma Lorne bai wuce shi ko sau ɗaya ba. Aka tafi hutun rabin lokaci Fort Alder tana da goma sha ɗaya, Red Willow tara. Jama'ar da suka yi masa kukan kaza jiya, yau sunansa suke rerawa. Bai ji daɗin hakan ba ko kaɗan. Kunnensa yana can ɗakin ƙanƙara.

Aka dawo. Lorne ya daina magana. Wannan shirun ya kamata ya sa Orest ya sha jinin jikinsa, amma gajiya ta riga ta cinye masa tunani. Jiya ya yi zamiya ta awa biyu, yau ga taɓo har idon sawu. Ya kai inda jiki yake aiki shi kaɗai, kai yana biye.

Saura minti shida a gama zango na uku, alƙali ya busa usur, aka tsaya. 'Yan wasa suna tashi daga taɓo suna komawa layi. Lorne bai koma ba. Ya tako ya tsaya a gaban Orest, taku ɗaya tsakaninsu, ya buɗe ƙafafu. Ya dube shi cikin ido. Sannan ya karkaɗe hannayensa biyu, safar suka faɗi a kan ciyawa.



Orest ya sha rantsuwa daga baya cewa bai san lokacin da nasa suka bar hannunsa ba, kuma na yarda da shi. Shekara ashirin da ɗaya hannuwan nan suna amsa wannan kira, jiya kaɗai aka hana su, kuma sun kwana suna jin haushi. Hagu ta cafki wuyan riga. Dama ta tafi sau biyu. Hular fatar da ake sawa a lokacin ba ta rufe fuska, ta biyun ta sami muƙamuƙi, mutanen da ke layin farko na kujeru sun ce sun ji ƙarar.

Sai da Lorne ya zube sannan Orest ya lura da abu biyu. Hannayen Lorne suna rataye a gefensa tun farko, ko ɗaga su bai yi ba. Kuma alƙalai ba su ja baya ba. Su uku suka yo kansa a guje, usur yana tsaga kunne.

Duk da haka bai gane ba. Ya sunkuya ya tsinci safarsa kamar yadda ya saba, ya nufi gefen fili yana waige-waige, yana neman ƙofar akurki a wurin da babu akurki. Da bai gani ba, ya zauna a ƙarshen benci, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Ya ji wani sanyi a ransa wanda rabonsa da shi tun jiya. Ya ɗaga wa McAvoy yatsu biyar.

"Minti biyar ne, Koci. Yanzu zan dawo."

McAvoy ya tsaya yana kallonsa baki buɗe. Fuskarsa ta yi ja, ta koma fara.

"Minti biyar? Minti biyar na uban wa? Dubi ƙasa, Pawluk! Dubi abin da kake takawa! Ƙanƙara ka gani?"

Orest ya dubi ƙasa. Taɓo ne da ciyawa, da ƙusoshin takalminsa a ciki.

Babban alƙali ya iso yana haki. "Lamba arba'in da huɗu, ba a nan za ka zauna ba. Ka fita daga fili gaba ɗaya. An kore ka."

"Shi ya nema! Kowa ya gani, shi ya fara yarwa!"

"Ni naushi na gani. Tashi."

A ɗakin sa kaya ya ƙarasa wasan, shi kaɗai, da kunne. In rufin ya girgiza ya san namu ne, in ya ji tsit ya san nasu ne. Bai cire ko takalmi ba. Yatsunsa biyu na dama suka kumbura ya zuba musu ido. Can ƙarshe ihu ya tashi wanda bai sauka ba, ƙofa ta buɗe da ƙarfi, mutane suka afko jiƙe da taɓo suna rungumar juna. Goma sha huɗu da goma sha biyu. Rashin Lorne ya fi yi wa Red Willow illa fiye da yadda rashin Orest ya yi mana.

"Tsoho, za mu gabas!" Wani ya ɗaga shi sama. "Ka ji? Za ka ga kofi da idonka!"

Orest ya yi dariya har da hawaye. Yana cikin yi McAvoy ya ratso taron, ya miƙa masa 'yar takarda ba tare da ya dube shi ba. Kwamitin ladabtarwa na gasar yana nemansa ranar Litinin ƙarfe biyu. Jirgin ƙungiya zai tashi ƙarfe huɗu da kwata.

A saman wani otal da ke kallon tashar jirgi aka yi zaman. Orest ya zo da jakarsa a hannu, da kwat ɗin zuwa coci, don yana fita ya tsallaka titi ya hau. Mutum uku ne a bayan tebur. Na tsakiya lauya ne mai suna Prentice, na hagunsa mai sayar da injunan noma, na dama kuwa tsoho Gauthier ne, wanda ya yi shekara goma sha biyar yana buga ƙwallon gora kafin a haifi rabin mutanen garin. Da Orest ya gan shi sai hankalinsa ya ɗan kwanta. Lorne yana zaune a gefe, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, fuskar ta kumbura gefe guda.

"Ka nushe shi?" in ji Prentice.

"Na nushe shi, ranka ya daɗe. Amma shi ya kira ni."

"Da wace kalma?"

"Ba da baki ba. Ya tsaya a gabana ya yar da safar hannu."

Prentice ya juya. "Fiddick, me ya sa ka cire safarka?"

Lorne ya yi magana ta cikin giɓin haƙoransa, a hankali, kowace kalma da ɗan fito.

"Sun jiƙe ne, ranka ya daɗe. Yatsuna sun ƙandare. Na ce bari in cire in hura musu iska. Ban ankara ba sai na farka a asibiti."

"Ƙarya yake!" Orest ya miƙe, kujera ta faɗi a bayansa. "Ƙarya kake, Wawulo, kai ma ka sani! Gauthier, kai ka san abin da ake nufi. Ka faɗa musu. In namiji ya tsaya a gabanka ya yi haka, me yake cewa?"

Tsoho Gauthier ya daɗe yana murza hularsa a kan tebur.

"Na sani, ɗana. Duk wanda ke ɗakin nan ya sani, har shi mai wayar a baki. Da a kan ƙanƙara ne, da ni da kaina zan tofa masa yawu don ya kira faɗa ya ƙi ɗaga hannu." Ya numfasa. "Amma ba a kan ƙanƙara kuke ba."

Prentice ya buɗe littafin dokoki ya tura shi gaban Orest. "Nuna min inda aka hana ɗan wasa cire safar hannunsa. In ka nuna min, yanzu zan raka ka tasha da ƙafata."

Orest bai taɓa littafin ba.

Ba su ɗauki minti goma suna shawara ba. Dakatarwar wasa ɗaya, kuma ba zai zauna a benci ba, ba zai shiga jirgin ƙungiya ba. Orest ya ce musu wasa ɗayan nan shi ne duk abin da ya rage masa. Ya ce su dakatar da shi hunturu gaba ɗaya, su hana shi ƙwallon gora har abada, zai sa hannu yanzu. Ya roƙe su, shi da bai taɓa roƙon kowa ba. Prentice ya ce ƙwallon gora ba hurumin wannan kwamiti ba ce, ya rufe littafinsa.

A barandar otal Lorne ya same shi tsaye a bakin taga. Ya tsaya daidai kafaɗarsa yana sa maɓallan kwat.

"Mu dai an fitar da mu, na sani," ya ce ta cikin wayar. "Sau biyu na buga wasan kofi, Ɗan Tafarnuwa. Filin yana da kyau ƙwarai. Da ka gani."

"Muƙamuƙinka ka bayar don wannan?"

"Sati shida zan yi ina shan miya ta bututu. Ko shekara ce zan sha."

Ya sauka matakala a hankali, yana riƙe da ƙarfen gefe.

Orest ya ji ƙiyayyar mutumin nan har cikin haƙoransa, amma ko ɗaga ƙafa ya bi shi ya kasa. A ƙasa, tsallaken titi, rabin garin ya cika tasha. 'Yan badujala suna busa, mata suna miƙa ƙunshin abinci ta tagogi. Ya hango McAvoy a ƙofar tarago da takarda a hannu, yana kiran suna ɗaya ɗaya, kowa ya amsa ya hau. Daga nan sama ba a jin sunayen, amma Orest ya san jerin da ka. Ya ga inda McAvoy ya ɗan tsaya, ya ciro fensir daga bayan kunne ya ja layi, ya kira na gaba.

Can gefen taron ya hango Halyna da jan mayafinta, ta ɗaga dunduniya tana leƙa ƙofar otal, tana jiran ya fito a guje. Ba wanda ya faɗa mata tukuna. Ƙarfe huɗu da kwata jirgin ya yi kuka ya fara motsi, ita kuwa ba ta daina kallon ƙofar ba.